Mutum Biyu Daga Lardin Zemplin

Kilburn, London
Ƙarshen shekarar 1976

Zuwa ga maƙwabcina kuma abokin gardamata, Mihal, wanda gidanmu ke kira Baba Mikailu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda ya mutu ba, don haka na tsallake wannan layin. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Ko da ranka ma, duk Hausarka ba ta wuce "sannu" da "ƙarya ne" ba, kuma ta biyun ka fi mora. Amma na saba in sauko ƙasa in ba ka labari kana katse ni. Yau na samu abin da ban taɓa samu ba: zan yi magana har in gama, ba mai ɗaga min yatsa.

Na san abin da kake son ji. Kana son ka san ko sun ƙone ka. Sau nawa ka riƙe min hannun riga ka ce in ka mutu a garin nan kada in bari council ta sa ka a tanderu, kamar yadda ake wa waɗanda ba su da kowa? Zan gaya maka. Amma kai ma ba ka taɓa ba ni amsa a taƙaice ba, don haka ka yi haƙuri.

Ban sani ba ko ka tuna yadda abin ya faru. Asabar ce da la'asar. Ka haɗu da matata Binta ta fito kasuwa, ka karɓar mata kaya, kuka tsaya jiran bas. Sai ga samarin nan masu aske kai ƙwal da manyan takalma. Ɗaya ya tofa mata yawu, wani ya fizge mayafinta ya taka. Ɗan sandan da ya zo gidanmu daga baya ya ce shaidu sun tabbatar kai ka fara duka. Na ce masa ai ko ba shaidu na yarda. Ka fasa wa ɗaya hanci da ƙotar lema, sauran suka kai ka ƙasa. Binta ta ce da takalma suka yi ta yi, a ciki, a baya, a fuska, kana zaginsu da harsunan da ba su taɓa jin sunansu ba. Ta jefi ɗaya da gwangwanin tumatir, ta yi ihu da Hausa da Turanci. Mutanen da ke layin bas duk suka duƙufa karanta allon lokacin zuwan mota. Ta ce sai da ta ji wani sauti kamar an taka ƙwarya, sannan ka yi shiru, su kuma suka watse. Ba ka farka ba har ka cika. Har yau ba a kama kowa ba.

Tsoho mai shekara kusan saba'in, da lema! Me kake tsammani? Sojojin ƙasa nawa suka bi ta kanka ba su kashe ka ba, sai 'yan tasha?

A Katsina wanda ya rasu da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Kai kuwa aka sa ka a firji kamar kifi. Na je asibitin da babbar rigata mafi kyau, na ce na zo ɗaukar gawa. Matar da ke ofishin mai kirki ce, har shayi ta ba ni. Ta tambayi dangantakarmu, na ce maƙwabci. Ta ce maƙwabci ba ya cikin tsarinsu. Na ce a wurinmu maƙwabci kusan gado ne kawai ba ya ci. Ta yi murmushi, ta dubi rigata, ta ce a kawo ɗan'uwanka ko wani daga cikin mutanenka; in ba a samu ba, council za ta yi komai cikin mutunci. Na san abin da mutuncin nan yake nufi. Hayaƙinsa ake gani daga titi.

Na je ofishin jakadancin ƙasar da ka gudo daga cikinta. Suka ce ka daina zama nasu tun ranar da ka tsallake iyaka. Na je na ƙasar da ke kudu da ita. Suka ce gaskiya ne a masarautarsu aka haife ka, amma sarkin ya tafi, masarautar ta tafi, ƙauyen kuma yanzu ba nasu ba ne. Limamin cocinku da ya san ka ya riga ka mutuwa. Na fito titi na tsaya ina dariya ni kaɗai, don na ji muryarka kana cewa ai ka gaya min: kai ba ɗan ƙasar kowa ba ne, kai mutumin lardin Zemplin ne, lardin kuwa an soke shi tun kana ɗan makaranta.

Ka tuna yadda kake zana min shi a kan teburinka da cokula da gishiri? Dogo, siriri, kansa a cikin duwatsu masu dusar ƙanƙara, ƙafarsa a gonakin inabi. Sunansa daga wata tsohuwar ganuwar ƙasa a bakin kogi. Ka ce ɗaruruwan shekaru yana ƙarƙashin sarakunan Hungariya. Masu ƙasa da alƙalai harshensu daban, masu noma yawanci Slofakawa irinka da maƙwabtansu. Kullum daga Tatar kake farawa, da suka zo bisa dawakai suka bar ƙauyuka babu ko kare mai haushi. Sai Turkawa masu kamun bayi. Sai manyan lardin da kansu, in sun yi wa sarki tawaye su ƙone garuruwan da suka ƙi bin su, sarki ya aiko da runduna ta ƙone waɗanda suka bi su. Na taɓa tambayarka wane ɓangare kakanninka suka bi. Ka ce ɓangaren daji.

Sai shekarar kwalara, 1831, wadda kake ba da labarinta kamar jiya aka yi. Hukuma ta sa a zuba farin magani a rijiyoyi. Talakawa suka ga ana zuba gari a ruwa, suka ga mutane na mutuwa, suka ce guba ce masu ƙasa ke ba su. Suka fito da lauje da gatari. Suka shiga manyan gidaje, suka jawo masu gida da akawunsu tsakar fili, suka yi ta dukansu sai sun amsa laifin da ba su yi ba, da suka amsa kuma aka sare su. Sojoji suka zo. Majalisar lardi ta zauna, da hatiminta da tutarta, aka kafa itatuwan rataya a bakin ƙauyuka, aka bar gawarwaki suna lilo don masu zuwa gona su gani. Ka ce kakan kakanka yana cikin masu lilon. Na tambaye ka ko shi ma ya sari wani. Ka ce ai shi ya sa ake tuna shi.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba: na je laburare na kwashi littattafai don in kama ka da ƙarya. Abin haushi, sai na tarar ragewa ma kake yi.

Da na ce ai mu ma an raba mu, kakata tana Maraɗi mu muna Katsina, Turawa biyu suka ja layi a tsakani, sai ka yi tsaki. Ka ce mu sau ɗaya aka yanka mu, kuma baƙi ne suka riƙe wuƙar. Ku kuwa bayan yaƙin duniya na farko aka tsaga lardin gida biyu, har babban garinsa aka raba a kan wani ɗan rafi, gari a wata ƙasa, layin dogo a wata. Kafin yaƙi na biyu aka sake matso da iyakar, bayansa aka sake mai da ita. Kuma duk lokacin da layin ya motsa, maƙwabcinka ne ke zuwa da bindiga ya gaya maka.

To, a duk London mutum ɗaya na sani daga wannan lardin bayan kai. Ka san ko wane ne. Kada ka yi tsaki, saurara.

Aikina ka san shi. Tun da kuɗin mai ya zo, duk wanda ya yi tari a gida sai an turo shi Marylebone ganin likita, ni ne mai tarbo shi, in yi masa booking, in raka matansa kanti. A cikin direbobin da muke haya akwai Feri, tsoho mai tsabta, mai gashin baki. Na tambaye shi garinsu, kamar yadda duk Bahaushe zai yi kafin mota ta kai mahaɗa ta biyu. Da ya ce Zemplin, saura kaɗan in rungume shi yana tuƙi. A wurinmu, in ka haɗu da ɗan lardinku a baƙon wuri, ka samu ɗan'uwa. Ba ka tambayar uban wa ya ɗaure uban wa. Sai na ce a raina zan yi wa Baba Mikailu kyautar da bai taɓa samu ba.

Ranar sunan ɗana Mustafa na kawo shi. Flat ya cika da ɗalibai da likitoci da 'yan gidan rediyo, mata suna ciki, nama yana ta fitowa. Na zaunar da ku a tire ɗaya, na tsaya a kanku ina washe baki kamar wanda ya haɗa aure. Ka gaishe shi da harshenku, ya amsa da nasu na Hungariya. Ka tambaye shi ƙauye, ya faɗa. Ka tambaye shi aikin da ya yi kafin yaƙi, ya ci gaba da cin abincinsa. Ka ambaci sunan wani wuri, cokali ya tsaya masa a hanya. Ban ga lokacin da ka ɗauki kwalbar lemo ba. Na dai ji ta fashe, na ga kumatunsa ya buɗe daga kunne zuwa leɓe, haƙoransa a cikin shinkafa. Shi kuma, da jinin da komai, ya zari wuƙar yanka nama ya soka maka a dantse har ta fito ta baya. Kuka kama maƙogwaron juna kuna birgima cikin miya, tsofaffi biyu masu hawan jini. Ɗalibai suka ɓamɓare ku da ƙyar. Dakta Garba, mutumin Zariya, ya ɗinke ku duka a kan teburin cin abinci ko hularsa bai cire ba, yana cewa shi suna aka gayyace shi. Jariri bai ko farka ba.

Bayan kwanaki ka kira ni ka ba ni labarin da ba ya cikin na cokula da gishiri. Lokacin da aka mayar da ƙauyenku ƙarƙashin Hungariya, aka kawo jandarmomi masu gashin zakara a hula. Yayanka Yano malamin makaranta ne, ya ƙi daina koyar da yara da harshensu. Wata Lahadi aka tare shi a ƙofar coci, aka ja shi zuwa ofishin jandarma. Kuna waje kuna jin gindin bindiga yana sauka, kuna jin muryarsa, har kuka daina ji. Aka dawo muku da shi a amalanke an rufe da ciyawa, mahaifiyarku ba ta gane shi ba sai da safar da ta saƙa masa. Feri yana cikin jandarmomin wannan ofishin, saurayi a lokacin. Daga nan aka kore ku, kuka koma ƙauyen mahaifiyarku a duwatsu. Dab da ƙarshen yaƙi sojojin Jamus suka zo, suka ce ƙauyen yana ciyar da 'yan sari-ka-noƙe. Suka harbe mazan da suka samu, suka cinna wa gidaje wuta. Kai kana daji. Mahaifiyarka da ƙanwarka Hana sun ɓuya a rumbu. Ka ce da shebur ka kwashe su, kuma ba ka iya raba wannan da waccan ba. Tun ranar na gane abin da ya sa ko ashana aka ƙyasta kusa da kai sai ka juya kai.

Kana jiran in ba ka haƙuri a kan ranar sunan. Ba zan bayar ba. Har gobe in na ga mutum biyu daga wuri ɗaya a ƙasar wasu, tire ɗaya zan ba su. Sai dai zan kwashe kwalabe.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Croydon na ƙwanƙwasa wa Feri ƙofa. Da ya ji ka mutu, ya yi dariya har tabon fuskarsa ya yi fari, ya ce a ƙone ka, shi zai kawo itace. Bai ba ni kujera ba, amma ya ba ni nasa tarihin a tsaye. Ya ce bayan yaƙi mutanenku ne suka zo ƙauyensu da bindiga, suka loda iyayensa a taragon shanu cikin hunturu, mahaifinsa ya mutu a tsaye don babu wurin faɗuwa, wani Baslofake ya shige gidansu tukunya tana kan wuta. Game da Yano, ya ce shi bai taɓa shi ba, ƙofa kawai aka sa shi ya tsare. Na ce ƙofar ai ita ce ta hana a shiga a cece shi. Ya ce an ce ya tsare, ya tsare.

Sai na yi masa tambayar da na taɓa yi maka. Littattafai sun ce garuruwan lardin nan cike suke da Yahudawa, masu shaguna, masu ɗinki, malamai. Ina suka tafi? Wa ya loda su a jirgi, a ɓangarenku da ɓangarensu? Ya dubi taga, Mikailu. Daidai yadda kai ka dubi taga. A nan kaɗai na ga kun yi kama.

Na juya zan tafi, sai ya tambayi abin da ya kashe ka. Na gaya masa. Ya tambayi yawan samarin, na ce sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya tambaya wa ya fara duka. Na ce kai. Ya ce ai dama. Ya tsaya yana taɓa kumatunsa, sannan ya ɗauki kwat ɗinsa.

A ofishin asibiti ya gaya wa matar nan cewa shi ɗan'uwanka ne. Ta tambayi ko yana da wata shaida. Ya sa hannu a baki, ya zaro haƙoran robarsa, ya ajiye su a kan teburinta kusa da kofin shayi, ya juya mata tabon. Ya ce: "Madam, a wurin biki ya yi min wannan. Wa ke yi wa mutum haka in ba ɗan'uwansa ba?" Ta ja kofinta baya. Washegari aka ba mu gawarka.

Ba su ƙone ka ba. Ka ji? A ƙasa kake, cikin laka mai sanyi a arewacin London, duk jikinka wuri ɗaya.

Na tambayi malaminmu abin da ya halatta. Ya ce in raka ka, in binne ka, in kyautata, amma salla ba tawa ba ce a kanka. Na bi. Mu muka ɗauke ka, Hausawa da manyan riguna a kan suwaita, da Dakta Garba a gaba yana cewa ka fi nauyi yanzu. Ka san matanmu ba sa zuwa maƙabarta. Binta ta ce a ranar ba ta san wannan ba. Iyakar abin da na samu shi ne ta zauna a mota a bakin ƙofa. Aka saukar da kai cikin ramin, ana yayyafi. Sai muka tsaya cirko-cirko. Ba limami, ba wanda ya san abin da ake cewa. Mu bakinmu cike da addu'o'in da ba na nan ba.

Sai Feri ya cire hula ya fara waƙa. Ba harshensu ba, ba ma naka na yau da kullum ba, tsohon harshen cocinku ne, wanda nake jiyowa ta ƙasan ɗakina ranar Ista. Muryarsa ta tsufa amma bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya kai inda ake maimaitawa, ya maimaita. Ya ambaci sunanka. Ni da ban san kalma ɗaya ba sai da na nemi hankici.

Da ya gama, Turawan maƙabarta suka matso za su sallame mu su rufe ramin da kansu. Muka karɓe shebur ɗinsu. Suka ce ba a haka. Muka ce a wurinmu ba a juya wa mutum baya kabarinsa a buɗe. Muna cikin zuba ƙasa, ni da Feri kafaɗa da kafaɗa, na tambaye shi inda ya koyi waƙar, tun da ba cocinsu ba ce. Bai daina aiki ba. Ya ce a lokacin akan tura su jana'iza da bindiga, don kada a mai da binnewa taron siyasa. Ya ce ya tsaya a da yawa, har ta zauna masa a kai. Ya ce ta farko da ya ji, ta Yano ce.

Ban san lokacin da shebur ya tashi sama a hannuna ba. Ni, Lawal, da ban taɓa marin ko ɗan aike ba, na auna ƙeyarsa da bakin ƙarfe, kuma wallahi na yi niyya. Dakta Garba ne ya riƙe ni ta baya yana ce min a kunne shi bai zo da allura ba. Feri ya ɗago ya dube ni, ya dubi shebur ɗin, bai matsa ba. Da ya ga ba zai sauka ba, ya koma zuba maka ƙasa. Shekara nawa ina yi muku dariya, ina ce muku mahaukatan tsofaffi? Ashe awa ɗaya a lardinku ta ishe ni.

Sauran labarin gida kaɗan ne. Ɗakinka an ba wasu ɗalibai 'yan Ghana, suna dafa abin da ya fi kabejinka ƙamshi. Mustafa ya fara tafiya, yana zuwa ƙofarka yana bugawa. Binta ba ta ƙara bi ta wannan tashar bas ba, kuma ba ta son a ambace ka a wuce. Sai an tsaya an faɗi abin da ka yi. A gida an harbe shugaban ƙasa a cikin motarsa a farkon shekara, an ɗaure waɗanda aka ce su ne a jikin durom an harbe su mutane na kallo. An ƙara jihohi, lardunan ma an ce sun zama tarihi. Lardin Katsina da nake maka taƙama da shi ya bi naka. Na san abin da za ka ce, riƙe abinka.

Kuma an mayar da ni gida. Bayan sallar layya za mu tashi.

Ban taɓa kiranka aboki a gabanka ba, kullum sai dai maƙwabci. Na fi son gardamar da ka kayar da ni a kan wadda na ci a ofis. Abin da ke tsakaninka da Mahaliccinka ba ni da baki a ciki. Iyakar shaidata, an taɓa matata a bainar jama'a, mutum ɗaya ya motsa, kai ne.

Saura abin da ya hana ni sukuni. In na tafi, ba mai zuwa wurinka sai Feri. Mai gadin maƙabarta ya ce min duk Lahadi yana zuwa tun daga Croydon, ya tsaya a kanka da hularsa a kai, ya yi ta faɗa da harshensu har ya gaji, sannan ya durƙusa ya cire ciyawa. Na tambayi Feri dalili. Ya ce yana zuwa ne ya tabbatar ba ka fito ba.

Na yi maka alkawari, na cika. Amma na cika shi da bakin mutumin da ya tsare ƙofa. Da an tashe ka an ce zaɓi, ko waƙarsa ko tanderu, anya ba tanderun za ka ɗauka ba? Ban sani ba, Mikailu. Ba a tambaye ka ba, ni aka bari da zaɓin, ni kuwa Bahaushe ne. Na bar ka da ɗan lardinku.

Ka huta, in za ka iya da shi a kanka.

Naka, na saman bene,
Lawal Bakatsine